Amsa ga mai son kai yara dajin Lekki

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kuna Agege, yara sun samu hutu, kina tambaya ko dajin nan na Lekki da ke Legas, wato Lekki Conservation Centre, ya kai a sha wahalar hanya dominsa, kuma ko za a iya zuwa da ƙananan yara da tsohuwa. Zuwanmu uku, na ƙarshe har da surukata da ta zo daga Kano.

Tun daga gida ki cire wa yara tunanin gidan zu. Zuwanmu na farko autana ya ishe ni da ina zaki, ina giwa, don na Kano ya sani. Nan daji ne na fadama, hekta 78, a kan titin Lekki zuwa Epe daidai wajen ofishin kamfanin mai na Chevron, an killace shi an bar shi yadda Allah ya halitta. Gidauniyar kare muhalli ta NCF ce ta kafa shi a 1990, tun Lekki ba ta cika ba. Yanzu gine-gine sun yi masa zobe, amma kina kutsawa ciki hayaniyar motocin haya na danfo za ta ɗauke, sai kukan tsuntsaye.

Tafiyar a kan gadar katako ake yi, kusan kilomita biyu, ƙarƙashinki baƙin ruwa da ganye, samanki inuwa. Zafin wurin ba irin namu na Arewa ba ne, zufa ce mai danƙo, hijabi sai ya manne miki a baya, don haka ruwan sha ya fi komai. Inna, surukar tawa, dai ba ta gaji ba, don a hankali muka bi da ita. Ita ce ma ta tsaya ta nuna wa jikokinta tukurwa, ta ce da irin wannan ake yin gadon da ta kwana a kai tana yarinya. Su ba su taɓa ganin icen a tsaye ba, ni ma haka.

Sai birai. Ana ce musu mona, masu farin ƙirji da doguwar jela, kuma ba su da kunya ko ta sisi. Ƙarar leda suke saurare. 'Yata ta tsakiya ta zaro ledar cincin daga jaka, kafin ta kwance ɗaurin wani ya diro kan makarin gadar, ya fizge, ya koma reshe ya zauna yana ci ɗaya-ɗaya yana kallonta. Ta yi kuka, Inna ta yi dariya har da hawaye. Laifina ne, an gargaɗe mu tun a ƙofa. Ki zuge abinci a jaka, kada yaro ya miƙa musu komai, don suna iya yakushi ko cizo.

Gadar sama kuwa, wadda kowa ke ɗauka a hoto, an buɗe ta a 2015, tsawonta mita 401, inda ta fi tudu ya kai mita 22 da rabi, kuma ita ake kira mafi tsawo irinta a Afirka. Faɗinta na mutum ɗaya ne, da raga hagu da dama, tana lilo duk lokacin da na gabanki ya ɗaga ƙafa. Maigida da ya yi ta cika baki a mota, a tsakiya na ji yana hailala a hankali. Daga can sama kan itatuwa ne shimfiɗe kamar koren bargo. Akwai ƙa'idar shekaru, ƙananan yara ba sa hawa, kuma da na hau na ga gaskiyarsu. To ki shirya wanda zai zauna da su, ki kuma gaya musu tun da wuri don kada a yi rigima a gindin gada. Ki sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, da kambas. Silifas zai ba ki kunya.

A can ƙarshe akwai fili da bukkoki, tafkin kifi, da ludo da dara da aka zana manya-manya a ƙasa. Nan yara suka fi daɗewa. Mun shimfiɗa darduma muka yi azahar, muka buɗe kular shinkafa, ɗaya yana gadin birai.

Kuɗin shiga daban, na gadar sama daban, kuma yana canzawa, ki tambaya kafin ku taso. Ku bar Agege da sassafe ku tsallake gadar Third Mainland kafin gosulo ya haɗu. Ku guji ranakun Sallah da Kirsimeti, layi ne kawai za ku sha. In kuma sama ta haɗa hadari ku ɗage tafiyar, katakon yana santsi, ga tsohuwa a hannu.