Man giyabos da man aksil: wanne zan saya, kuma zan iya canzawa a gida?

Tambaya: Salam Malam. Ina da Golf 3 mai giyar hannu, tun da na saye ta Kwatano ban taɓa canza man giyabos ba, yanzu da sanyin nan in na tashe ta da safe giya ta biyu sai na yi da ƙarfi take shiga. Mai shagon kayan gyara ya ce in sa mai lamba 140 wai ya fi kauri ya fi riƙe giya. In saya? Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kar ka sayi 140 ɗin nan, ba na motarka ba ne. Wannan mai kaurin na aksil ɗin manyan motoci ne masu ɗaukar kaya, in ka zuba shi a Golf da safiyar hunturu abin da kake kuka da shi ninkuwa zai yi, domin a cikin giyabos akwai wasu zobba na tagulla, su ne suke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga, toh sai zoben ya matse man ya fitar da shi daga tsakani sannan ya kama, in man ya yi kauri da sanyi ba zai fita da wuri ba, shi ne kake jin tana turjewa ko ta yi ƙarar gurza. Naka 75W-90 ne mai alamar GL-4, kuma lita biyu ta ishe ka.

Wannan GL ɗin shi ne mutane ba sa dubawa kuma shi ne ya fi damuna gaskiya. Ana ɗauka tunda 5 ta fi 4 ai GL-5 ya fi kyau, alhali aikinsu ne daban. GL-5 an ƙara masa sinadarin sulfa da fosfaras sosai saboda haƙoran aksil da suke gogar juna da matsi mai yawa, wannan sinadarin kuma ba ya shiri da tagulla a wasu giyabos ɗin, a hankali yake cin zobban. Akwai motocin da kamfaninsu ya yarda a sa kowanne, wasu Toyota haka suke, amma in littafin mota ya ce GL-4 toh a tsaya a nan. Kuma kowace mota da nata, Fijo 406 tana shan 75W-80 ne, Honda kuma nasu man ne na musamman da suke rubuta MTF a jikin robar, ruwa-ruwa ne sosai. Ka juya bayan robar ka karanta da idonka kafin ka biya kuɗi, kuma ka sayi wadda take a rufe da hatiminta, a gidan mai ko shagon da ka yarda da shi. Man da ake aunowa daga duro a zuba maka a gorar ruwa ba wanda zai iya faɗa maka ko mene ne a ciki, ka bar shi komai arharsa.

Abu ɗaya dai, in ka canza man bayan sati biyu har yanzu tana gurza, ko kuma duk giyoyin ne suke wahalar shiga har da ribas, toh a duba kuloci da zobban tagullar nan, mai ba ya gyara zoben da ya riga ya cinye.

Tambaya: Malam ina da Hilux da nake shiga ƙauye da ita ɗauko hatsi, da damina mun sha ratsa ruwa. Ina so in canza man giya da na aksil ɗin baya da kaina. Me zan tanada, kuma mai ɗaya zai yi duka biyun? Daga Gaya.

Alhaji zaka iya, aikin bai kai canza baƙin mai wahala ba ma in ban da zubawar, kuma Hilux tana da tsayi, mutum yana shiga ƙarƙashinta ba sai an ɗaga ba. Aksil lallai GL-5 ne, 80W-90 ko 85W-90, giyabos kuma 75W-90 bisa abin da littafinta ya ce. In aksil ɗinka irin wanda ake rubuta LSD ne a jiki, wato mai hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai in ta zame, sai ka nemi man da aka rubuta LS, in ba haka ba zaka ji tana kakkarwa a kwana. In kuma mai jan ƙafa huɗu ce kar ka manta akwai aksil na gaba da ƙaramin akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya, kowanne da mansa.

Kayan aiki ba su da yawa: sifana mai zobe ko soket lamba 24, wani faffaɗan kwano na tarar mai, tsumma, sabbin washa na notunan, da ɗan famfon hannu na zuba mai. In babu famfo, tiyo siriri da mazurari sun yi, sai yaro ya riƙe mazurarin daga sama kai kana ƙasa, sai dai haƙuri don man a hankali yake sauka.

Ka ɗan zaga da ita kamar minti goma man ya yi ɗumi, ka tsaya a wuri mai daidai ba gangare ba, ka ja birkin hannu ka sa dutse a taya. Yanzu ga abin da nake roƙon kowa: notin sama, na zubawa, shi zaka fara kwancewa kafin ka taɓa na ƙasa. Sau da yawa mutum ya tsiyaye man tas sannan ya zo na sama ya ƙi motsi ko kansa ya lalace, kaga mota ta zauna kenan, ba mai a ciki ba hanyar zubawa, ko gareji ba za a iya tuƙa ta ba. Ka goge ƙasar da ke jikin notin, ka tabbata sifanar ta zauna sosai, sannan ka ja. In ya ƙi, ka tsaya a nan ka kai wa bakanike, ba ka yi asarar komai ba.

Da ka buɗe na ƙasa ka tsaya ka kalli abin da ke fitowa. Warinsa mai ƙarfi ne dama, wannan ba matsala ba ce. In baƙi ne ko ruwan ƙasa-ƙasa, tsufa ne kawai. In ya fito kamar shayi da madara toh ruwa ya shiga, kuma da irin ratsa ruwan da ka ce ba zan yi mamaki ba, domin a saman aksil akwai ɗan abin shaƙar iska, aksil yana da zafi ya faɗa ruwan sanyi sai ya zuƙo ruwan ta nan ko ta bakin sil. Irin wannan ka canza, ka yi 'yan kwanaki kana hawa, ka sake canzawa. Sannan ka duba kan notin na ƙasa, yana da maganaɗisu, baƙar laka mai laushi in ka murza a yatsa ba komai, gogewa zaka yi. Amma in ka ji ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi ko gutsuren haƙori, kar ka yi doguwar tafiya da kaya sai an buɗe an duba.

Ka mayar da notin ƙasa da sabuwar washa, ka ɗaure daidai hannu, kar ka sa bututu a sifana kana dannawa, jikin giyabos alminiyam ne zaren yana saurin mutuwa. Ka zuba har sai man ya fara dawowa ta ramin sama, ka bari ya gama ɗiga, ka rufe. Wannan shi ne ma'aunin, shi ya sa na ce motar ta tsaya daidai. Ga mai aiki irin naka ni shawarata duk kilomita 40,000, da kuma leƙawa duk ƙarshen damina. Tsohon man a zuba a jarka a kai gareji, kar a malala shi a kwata ko kusa da rijiya don Allah.

Masu ƙananan motoci da dole sai an ɗaga: jak kaɗai ba a shiga ƙarƙashinsa, wallahi mutane sun rasa rai a haka. Ko a samu ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ko a biya ɗan wani abu a hau rami a gareji.

Tambaya: Corolla ce da ni mai giyar hannu, an canza min man giya, wani kuma ya ce saura na aksil, in kawo kuɗi. Haka ne? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Hajiya in Corollar taki irin wadda aka saba gani ce mai ja da tayoyin gaba, babu wani man aksil daban. Haƙoran da ke raba gudu tsakanin tayoyin suna cikin giyabos ɗin ne, mai ɗaya suke sha, wanda aka riga aka canza miki. Ki sa a leƙa ƙarƙashi daga baya, in babu farfela, wato doguwar sandar ƙarfe, da ta taho daga gaba zuwa wani ƙullutun ƙarfe a tsakiyar tayoyin baya, toh babu inda za a zuba shi, ki riƙe kuɗinki.