Amsa: Wasan kiɗa na da ko na yanzu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko wasan kiɗa na da ya fi na yanzu armashi. A wurina ya fi, duk da na'urorin yanzu sun fi fitar da murya tas. Ban manta wani dare da na tsaya can baya ba: ina ganin makaɗi ya doki ganga, sai daga baya ƙarar ta iso kunnena. Ashe sauti mita 340 ne kacal yake ci a daƙiƙa. Da na kutsa gaba kusa da lasifika kuwa, kwana biyu kunnuwana suna ƙugi, laifina ne. A lokacin dubban mutane ke amshi baki ɗaya. Amma a wasan da na je bara, kowa waya ya ɗaga yana ɗauka.