Ku Tambayi Makanike: Bamba da Salansa a Tsohuwar MGB

Tambaya: Na sayi MGB ƙirar 1977 da aka shigo da ita daga Amurka, mai baƙar bambar roba gaba da baya. Ina so in sa mata bambar ƙarfe mai ƙyalli irin ta 'yan uwanta na da. Mai sayar da kayan ya ce kwance notuna ne kawai a ɗaura sabuwa. Haka ne? (Mai karatu daga Kaduna)

Amsa: Ba haka ba ne, Malam. Aikin mai walda da mai fenti ne kafin ya zama na mai sifana. An ƙera MGB a Abingdon ta ƙasar Ingila daga 1962 zuwa 1980, kuma a ƙarshen 1974 aka koma bambar roba saboda dokar Amurka da ta ce dole bamba ta jure karo a gudun mil 5, kimanin kilomita 8 a awa, ba tare da fitilu sun lalace ba. Da kamfanin ya yi wannan canji, sai da ya taɓa jikin motar kansa. Don haka mai komawa baya dole ya warware abin da suka yi.

A gaba, bakin ƙarafan shasi biyu na ɗauke da manyan farantai waɗanda bambar roba ke zaune a kansu. Sun shigo cikin gurbin da ragar gaba za ta zauna, sai an rage su da giranda, a toshe bakin da walda, a shafa maganin tsatsa kafin ruwan damina ya samu hanya. Madigadin gaba kuma yana da babban rami wanda robar ke rufewa. Akwai 'yan farantai da ake sayarwa don cike shi, masu gurbin fitilar sigina, domin a motarka siginar a cikin bamba take. Wayoyin ba su da wuyar ganewa: kore mai ratsin ja na siginar hagu ne, kore mai ratsin fari na dama, ja zalla na ƙananan fitilu, baƙi kuma shi ne at, wato wayar da ake haɗawa da ƙarfen jikin mota. Idan sigina ta riƙa yin dishi-dishi bayan aiki, at ɗin za a fara dubawa, sau da yawa sabon fenti ne ya hana shi kama ƙarfe.

A baya, ƙarƙashin kowace fitila an yanke ɗan tsinin da tsofaffin ke da shi. In ba a mayar da shi ba, giɓi zai bayyana tsakanin fitila da bamba wanda ko yaro zai gani. Wasu masu gyaran jiki za su ce a cike wurin da bodi fila. Kada ka yarda. Fila mai kauri tsagewa take yi da girgiza, ruwa ya shiga bayanta. A sa ƙarfe. Kuma kafin a kunna walda a bayan motar, a sauke tankin mai gaba ɗaya, yana nan ƙarƙashin but, a cire kan batir da ke bayan kujeru.

Wurin da aka fi yin asara shi ne gaggawar fenti. A ɗaura bamba da maƙalanta da raga da fitilu tun jikin yana tsirara, notuna a sassauce, a auna daga ƙasa zuwa kowane ƙarshen bamba, motar na kan shimfiɗaɗɗen siminti. Maƙalan da ba na kamfani ba da wuya su zauna daidai tashin farko, wani sai an faɗaɗa raminsa da zarto, wani sai an ɗan tanƙwara shi a matsi. Maƙali ake tanƙwarawa, ba a taɓa bamba, domin rufin kurom ba ya miƙewa, tsagewa yake yi. Sai komai ya zauna a kwance, a yi fenti, a mayar.

Saura tsayi. An ɗaga motocin bambar roba da kimanin inci ɗaya, kuma da ka cire nauyin robar da ƙarfen cikinta, wanda sai mutum biyu ke saukewa, za ta ƙara tashi. Ana gyara wannan da gajerun sifirin a gaba da 'yan tubalan ƙarfe tsakanin aksil da sifirin baya, sannan a sake saita ƙafafun gaba. Shawararmu ita ce a tsaya a tsayin tsofaffin, kar a wuce. Hanyoyinmu da tudun rage gudu ba za su bar salansa ta zauna lafiya ba. Ka kuma sani cewa bambar ƙarfe ba ta kare jiki kamar ta roba, ɗan gogar Keke Napep zai lotsa ta.

Wajen zaɓe, bambar ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 304 ta fi daɗewa, kuma maganaɗisu ba ya kama ta sosai, da haka za ka gwada. In mai rufin kurom ce, a shafe cikinta da fenti tun tana sabuwa, daga ciki take fara ruɓewa.

Tambaya: Na sa wa tawa MGB manifol ɗin hayaƙi na bututu, mai reshe uku. Tun daga nan injin ke yin cak-cak da safe, silo ba ya tsayawa, kuma fulogi sun yi fari. Gasket sabo ne. Mene ne matsalar? (Mai karatu daga Jos)

Amsa: Kusan tabbas kaurin leɓe ne, wato faffaɗan bakin manifol da ke kwanciya kan gasket. Injin MGB mai cc 1798 yana da ƙofofin hayaƙi uku da na shan mai biyu, duk a gefen hagu na tof silinda, kan gasket guda. Sitod shida ne ke riƙe su. Na farko da na ƙarshe na manifol ɗin hayaƙi ne kaɗai, huɗun tsakiya kuwa kowanne washa ɗaya mai kauri ce ke danne leɓen manifol biyu, na mai da na hayaƙi, a tare. Leɓen na bututu yakan fi na mai siranta, sai washar ta karkace, ta danne ɗaya ta bar ɗaya. Cak-cak ɗin hayaƙi ne ke tsira kafin ƙarfe ya buɗe da zafi. Farin fulogi da rawar silo kuma iska ce ke satar shiga, mai ya yi ƙaranci. Wannan na biyun ne mai haɗari, yana ƙona bawul in aka daɗe a haka.

A kwance, a auna kaurin leɓunan biyu da baniya. Bambancin da aka samu, a yanka rabin washa mai wannan kaurin a liƙa da walda kan siririn leɓen, ko a sayi washa mai mataki da aka yi don haka. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe kan fuskokin reshe ukun a tabbatar suna layi ɗaya, in ɗaya ya noƙe a kai a goge. Gasket ɗin da aka riga aka matse ba ya komawa, a sa wani. A ɗaure daga tsakiya zuwa waje, a zagaye biyu ko uku, har kimanin Nm 20, da notunan tagulla don kar su kafe. Bayan injin ya yi zafi ya huce, a sake bin su.

Tunda hayaƙi ya samu hanya, injin zai nemi ƙarin mai, don haka kafireto biyun, ƙirar SU, sai an sake saita su, wani lokacin har a canza allurarsu. Kar a jefar da farantin kare zafi da ke bayansu. Bututu ya fi kaskon ƙarfe fitar da zafi, kuma a zafin Afrilu cikin cunkoso mai zai tafasa a kafireto, motar ta mutu ta ƙi tashi sai ta huce. A duba tazarar bututun da sandar sitiyari ma, a mota mai tuƙin hagu gefe ɗaya suke, kuma in kujerar inji ta saki za su riƙa gogar juna. Masu ƙirar Amurka daga 1975 su lura: nasu kafireto ɗaya ne, Zenith-Stromberg, kuma manifol na mai da na hayaƙi a haɗe suke guda. Wanda zai sa na bututu dole ya nemi manifol na mai daban tun kafin ya kwance komai.

Tambaya: Makanikena ya ce in sa bututu mai faɗin inci 3 don ƙarin ƙarfi. Kuma ina jin warin hayaƙi a cikin mota. (Mai karatu daga Maraɗi)

Amsa: Inci 3 ya yi wa wannan injin yawa. Na asali wajen inci 1¾ ne, kuma ko injin da aka ƙara wa ƙarfi bai buƙaci ya wuce inci 2 ba. Bututu in ya cika faɗi hayaƙi rage gudu yake yi a ciki, ƙara ta ƙaru, jan da motar ke yi a ƙaramin wuta ya ragu.

Warin ne abin gaggawa, Alhaji, domin iskar da ke kisa a cikin hayaƙi ba ta da wari, tare da mai warin take shigowa. Kada ka yi doguwar tafiya sai an gano. A tada inji a fili, a toshe bakin salansa da tsumma na ɗan lokaci, duk mahaɗar da ke yoyo za ta yi huci, kuma za ka ga baƙin toka a wurin. In babu yoyo, a duba tsawon wutsiyar: dole ta ɗan leƙo bayan bamba, in ba haka ba iska na murɗo hayaƙin ta tura shi ta robar but da ta mutu.

Wajen ɗaurawa, a rataye duka daga gaba zuwa baya a sassauce, a bar tazarar milimita 25 daga bene da tanki da bututun birki, sannan a matse daga gaba. Ɗan maƙalin da ke riƙe bututun a jikin giya kar a bar shi a ƙasa, rashinsa ne ke fasa manifol. Bututun ta ƙarƙashin aksil yake bi, saboda haka a ɗaga motar da jak ta jiki, aksil ya sauko iyakarsa, a ga ko ya taɓa. In ya taɓa, igiyoyin roba biyu da ke tare aksil sun saki, a canza su tare.