Kanari da madobiya: wanne ke cikin haɗari?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin ce an ba yaronki aikin makaranta ya kwatanta tsuntsu mai waƙa da tsiro mai fure, ta wajen danginsu da halin da suke ciki a yau. Shawarata ya ɗauki kanari da bishiyar madobiya. Katako nake sayarwa a Sokoban, nan Kumasi, ina kuma kiwon kanari a gida.

Kanarin da muke sawa a keji, mai ruwan ɗorawa a ƙirji, sunansa na kimiyya Crithagra mozambica, dangin Fringillidae, cikin rukunin Passeriformes inda tsuntsaye masu waƙa suke. Aku ba ya cikinsu, duk da surutunsa. Ƙungiyar IUCN, mai bibiyar halittun da ake fargabar ƙarewarsu a duniya, ta sa kanari a sahun waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu, domin ya bazu daga Sanagal har Afirka ta Kudu, kuma 'ya'yan ciyawa sun ishe shi abinci.

Madobiya ce abin tausayi. Ita ce Pterocarpus erinaceus, dangin Fabaceae, wato 'yar'uwar wake da gyaɗa da tsamiya. Da hunturu takan zubar da ganye ta lulluɓe da fure ruwan ɗorawa, daga baya ta yi 'ya'ya faifai-faifai masu ƙaya a tsakiya. In an tsaga ta, cikinta ja ne mai duhu, ga nauyi, har zarto sai ya yi zafi. Wannan kyan ne ya jawo mata. Da idona na ga manyan motoci suna gangarowa daga arewa maƙare da gungumenta, sun nufi tashar jiragen ruwa ta Tema, daga can sai ƙasar Sin, inda ake kujeru masu tsada da ita. Yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirran daji tsakanin ƙasashe, ta sa wa cinikinta takunkumi tun 2017, IUCN ta ce tana cikin haɗari a 2018, gwamnatin Ghana ta hana sararta da fitar da ita a 2019.

Abin da nake so yaron ya gane shi ne dalilin bambancin. Kanari kan ƙyanƙyashe 'ya'ya kowace shekara. Madobiya kuwa sai ta yi shekaru gommai kafin ta kai girman da ake so, injin sara ya kayar da ita cikin mintuna. Makiyaya sun daɗe suna sassabe rassanta su ba shanu ganyen da rani, tana sake tohowa. Saran gindi ne ya gama da manyan, shi ya sa yanzu ko an kawo mini ita da araha ba na saye.