Fim ɗin It Happened One Night: masu sharhi ne suka ɗaga shi, ko 'yan kallo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sha ganin ana cewa It Happened One Night, fim ɗin Amurka na 1934, shi ne uban fina-finan soyayya masu barkwanci, kuma makinsa a Rotten Tomatoes, shafin da ke tattara sharhin fina-finai, ya haura kashi 90 cikin ɗari. Na nemo shi na kalla a waya, amma da ƙyar na yi dariya sau biyu, kuma tun daga tsakiya na san yadda zai ƙare. Shin masu sharhi ne kawai suke zuzuta shi, ko da gaske mutanen wancan lokacin sun so shi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da gaske mutanen lokacin sun so shi, kuma su ne suka ɗaga shi. Masu sharhi sun yaba masa daidai gwargwado da ya fito, amma talakawan Amurka masu sayen tikiti ne suka mayar da shi abin da ya zama. Rashin dariyarka kuma yana da dalilai, kuma ba wai don ba ka fahimci fim ba ne.

Kafin a saki fim ɗin, kusan babu wanda ya sa masa rai. Kamfanin Columbia da ya yi shi ƙarami ne a lokacin, ba ya cikin sahun su MGM da Paramount. Darakta Frank Capra da marubuci Robert Riskin sun ɗauko labarin ne daga wani gajeren labari na Samuel Hopkins Adams mai suna Night Bus, wanda mujallar Cosmopolitan ta buga a 1933. Jarumai da dama sun ƙi karɓar aikin, cikinsu har da Myrna Loy da Miriam Hopkins. Clark Gable, jarumin fim ɗin, aro shi aka yi daga MGM. Jarumar fim ɗin kuwa, Claudette Colbert da ke Paramount, sai da aka amince za a ba ta dala 50,000 kuma a gama ɗaukar nata cikin mako huɗu sannan ta yarda, kuma an rawaito cewa da aka kammala ta faɗa wa wata ƙawarta ta gama yin fim mafi muni a duniya. Duka kuɗin da aka kashe bai wuce kimanin dala 325,000 ba.

An fara nuna shi ranar 22 ga Fabrairun 1934 a babban gidan silima na Radio City Music Hall da ke New York. A tsarin wancan zamanin, fim yakan fara ne daga manyan gidajen silima na tsakiyar birni masu tsadar tikiti. Idan ciniki ya yi kyau a makon farko sai a ƙara masa mako. Idan bai kai ba, a sauke shi a ɗora wani. Daga nan kwafin fim ɗin ya gangara zuwa silimomin unguwanni da na ƙananan garuruwa, inda tikiti ya fi araha. Radio City ba ta ƙara wa wannan fim mako na biyu ba. Sai da ya sauka ƙasa ne labari ya canza: wanda ya kalla ya faɗa wa maƙwabcinsa, wasu suka koma suka sake kallo, masu silimomi suka riƙa neman a dawo musu da shi. A ƙarshe ya zama fim ɗin da ya fi kowanne kawo wa Columbia kuɗi har zuwa wancan lokacin.

Abin da ya ja mutane ba ya rasa nasaba da halin da suke ciki. A 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata a Amurka ba shi da aikin yi. Sai ga fim da ya ɗauko Ellie Andrews, 'yar hamshaƙin attajiri, wadda ta yi tsalle daga jirgin ruwan mahaifinta ta gudu don ta koma wurin King Westley, matuƙin jirgin sama da ta aura ba da yardar uban ba, ya saka ta cikin motar safa ta dare daga Miami zuwa New York tare da talakawa. An sace mata jaka, kuɗinta sun ƙare, ta bi layin wanka a masaukin matafiya mai araha, yunwa ta sa ta ci ɗanyen karas ɗin da ta raina da farko. Wanda ke koya mata yadda ake tattalin kwabo shi ne Peter Warne, ɗan jaridar da aka kora daga aiki. Akwai wurin da fasinjojin motar suka haɗa baki suna waƙa, kowa yana karɓar baiti, har direban ya shagala ya afka da su cikin taɓo. Mutumin da ya biya kuɗin tikiti da ɗan abin da ya rage masa ya ga irin rayuwarsa a allo, kuma bai ga an wulaƙanta ta ba. Can wajen ƙarshe, lokacin da Peter ya je wurin mahaifin Ellie, kowa ya ɗauka ladar dala 10,000 da aka sa ya zo karɓa. Sai ya miƙa lissafin dala 39 da santi 60, iya abin da ya kashe a hanya. Wannan lissafin ne ya tabbatar wa uban cewa yaron nan son 'yarsa yake yi, kuma ga ɗan kallo na 1934 babu kalaman soyayya da suka kai shi nauyi.

Masu sharhi na lokacin sun ji daɗinsa, amma a matsayin nishaɗi mai sauƙi suka ɗauke shi. Mordaunt Hall na jaridar New York Times ya yaba wa zancen cikinsa da wasan jaruman. Mujallar Variety ta ce labarin ba shi da wani ƙarfi na musamman, wasa da zance da ba da umarni ne suka fitar da shi. Girma na gaske ya zo ne ranar 27 ga Fabrairun 1935, da fim ɗin ya kwashe manyan kyaututtukan Oscar guda biyar: gwarzon fim, darakta, jarumi, jaruma da rubutun labari. Shi ne na farko da ya yi haka, kuma fina-finai biyu kacal suka maimaita bayansa, One Flew Over the Cuckoo's Nest na 1975 da The Silence of the Lambs na 1991. Colbert ba ta ma zaci za ta ci ba. Daga tashar jirgin ƙasa aka ɗauko ta da kayan tafiya a jikinta. Zurfafan nazari sun biyo baya da daɗewa, irin na masanin falsafa Stanley Cavell da ya ware masa babi guda a littafinsa Pursuits of Happiness na 1981. A 1993 aka shigar da shi rumbun adana fina-finai na ƙasar Amurka.

Ba kullum abin ke tafiya haka ba. Bringing Up Baby na 1938 shi ma mako ɗaya ya yi a Radio City, amma bai mayar da kuɗinsa ba a fitowar farko, kuma masu sharhi na baya ne suka tono shi suka ɗaukaka. Da irin wannan ka yi tambaya a kansa, da zarginka ya fi samun wurin zama.

Game da sanin ƙarshen labari tun daga tsakiya, dalilin shi ne ka riga ka ga jikoki kafin ka ga kakan. Saurayi da budurwa da suka fara da faɗa, tafiya ta haɗa su dole, suka yi ƙaryar su mata da miji ne, rashin fahimta ta raba su, amarya ta gudu daga wurin ɗaurin aure: an kwashe shekara casa'in ana juya wannan. Idan kana cikin masu kallon fina-finan Indiya, da wuya ba ka gamu da shi ba, domin Chori Chori na 1956 na Raj Kapoor da Nargis, da Dil Hai Ke Manta Nahin na 1991 na Aamir Khan da Pooja Bhatt, duk a kan wannan labarin aka gina su. Mai sharhi yana auna fim da abin da aka saba yi kafinsa, kai kuma kana auna shi da abin da aka yi bayansa.

Shi ma makin Rotten Tomatoes a san yadda ake karanta shi. Ba ma'aunin yawan dariya ba ne, ba kuma matsakaicin maki ba ne. Ana duba kowane sharhi ne a ce yabo ne ko suka, sannan a fitar da kason masu yabo. Mai sharhin da ya ce fim ya yi dama-dama da wanda ya ce bai taɓa ganin irinsa ba, ƙuri'a ɗaya suke da ita. A ɓangaren 'yan kallo kuma, duk wanda ya ba da tauraro uku da rabi zuwa sama ana lissafa shi cikin waɗanda suka so. Ga tsohon fim akwai ƙarin abu: shafin a 1998 aka kafa shi, yawancin sharhin da ke kansa an rubuta su ne shekaru masu yawa bayan fitowar fim ɗin, kuma wanda zai nemo fim baƙi-da-fari na 1934 ya kalla har ya zauna ya ba shi maki, galibi dama mai son irinsa ne.

Kallon waya ya cuce ka sosai. Rabin barkwancin fim ɗin a zance yake, zance mai sauri cike da karin maganar Amurkawan 1930, kuma fassarar da ake rubutawa a ƙasan allo takan yanke shi ta bar gundarin ma'ana kawai. Sauran rabin yana fuskar wanda ake yi wa magana, ba mai maganar ba, kuma ƙaramin allo yana haɗiye wannan. Sannan an tsara irin waɗannan fina-finai ne don ɗaki cike da mutane, inda dariyar wani ke tayar da ta wani. Idan za ka sake gwadawa, minti 105 ne kawai: nemi kwafi mai tsabtar sauti, ka sa a talabijin ko kwamfuta, ka kunna rubutun Turancin ko da kana jin yaren, ku zauna ku uku ko huɗu.

Ka sa ido a wurare uku. Na farko, safiyar da masu binciken da uban ya turo suka shigo ɗakin masauki. Peter ya hargitsa wa Ellie gashi, nan take suka ɓarke da faɗan ƙarya irin na ma'auratan da suka gaji da juna, yana daka mata tsawa tana rusa kuka, har mai masaukin ya kori baƙin don sun tayar da hankalin masu haya. Ƙofa na rufuwa suka fashe da dariya. Nan ne karon farko da suka yi abu tare, kuma babu wanda ya furta kalmar so. Na biyu, neman a rage musu hanya: Peter ya daɗe yana cika baki a kan salo uku na ɗaga babban yatsa, motoci suka yi ta wuce shi ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa ta ɗan ɗage siket ɗinta zuwa gwiwa, sai hoto ya yanke zuwa ƙafar direba a kan birki. Dariyar tana cikin tsawon cika bakin da gajartar amsar. Na uku, bargon da Peter ya rataya a igiya tsakanin gadajensu biyu ya kira shi ganuwar Jariko, wadda labarin Littafi Mai Tsarki ya ce busa ƙaho ne ya rushe ta. Peter yana ganin motsin bargon, yana jin muryar Ellie, kyamara ba ta nuna komai ba. Bargon bai faɗi ba sai a ƙarshe, bayan an warware auren farko sun yi nasu, aka ji busar ƙahon wasan yara. Fim ɗin ya fito watanni kaɗan kafin a tsananta dokar tace fina-finan Hollywood a watan Yulin 1934, kuma masu shirya fim na bayansa sun koyi wannan dabarar ta nuna shaƙuwa ba tare da an keta kunya ba. A ganinmu, ko don wannan kaɗai ya cancanci matsayinsa.

Akwai kuma inda masu sharhi na yau suke sukarsa, kuma sukar tana kan hanya. Uban ya mari Ellie a farkon fim, Peter ya ɗaka mata duka a baya lokacin da ya saɓa ta a kafaɗa zai haye rafi, sannan ya faɗa wa mahaifinta cewa mijin da ya dace da ita shi ne wanda zai riƙa dukanta kullum. A 1934 an saka waɗannan ne don a yi dariya. Idan sun sosa maka rai, da yawan waɗanda suka ba fim ɗin maki mai yawa su ma sun sosa musu, sun kuma rubuta haka a cikin sharhin nasu, sai dai lambar da ke saman shafin ba ta nuna wannan. Don haka kafin ka yarda da makin kowane tsohon fim, buɗe sharhi biyu ko uku ka karanta, ka duba shekarar da aka rubuta kowanne.