Tambaya da Amsa: Tsugunnona ya tsaya a kilo 100, in sayi bel ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 24, nauyina kilo 72, kuma wata 14 ke nan ina ɗaga ƙarfe. Tsugunno da sanda a kafaɗa, wanda muke ce wa sikwat, ya kai kilo 100 ya tsaya cak. Wata 3 ke nan duk Litinin sai na ɗora 105, in na sauka sai an kama mini kafin in miƙe. Abokan atisayena sun ce bel nake buƙata, wato ɗamarar da masu ɗaga ƙarfe ke ɗaurawa a ƙugu, da bandejin da ake naɗe gwiwa da shi. Wani kuma ya ce bel na ragwaye ne, har ma yana kashe ƙarfin ciki. Maganar wa zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Za mu zo kan bel, amma akwai abin da ya fi shi tsaya mini a rai a cikin wasiƙarka, wato "duk Litinin sai na ɗora 105". Ka lissafa, kusan sau 12 ke nan ka yi wa jikinka tambaya ɗaya, yana ba ka amsa ɗaya. Ɗalibin da kullum yana ɗakin jarrabawa, yaushe ya yi karatu? Ƙarfi yana ginuwa ne da nauyin da kake iya maimaitawa sau da yawa cikin tsari. Nauyin da ke danne ka gajiya kawai yake bar maka, da tsoron sandar.

Ga abin da zan sa ka yi da a gabana kake. Ka manta da 105 har tsawon mako 10. Ka riƙa tsugunno sau 2 a mako, da tazarar kwana 2 ko 3 a tsakani. Ranar farko ka fara da kilo 75, ka yi sau 5, ka huta, ka sake, har zagaye 5. Hutun nan minti 3 zuwa 5 ne, ba daƙiƙa 40 ba, domin ba gudu kake koyo ba. Kowane mako ka ƙara kilo 2.5, wato ɗan ƙaramin faifan ƙarfen nan na kilo 1.25 a kowane gefen sanda, wanda samari ke raina wa suna ture shi da ƙafa. In ka kai inda na biyar ɗin ya fara gagara, wataƙila wajen 87.5 ko 90, sai ka koma sau 3 a kowane zagaye, ka ci gaba da ƙarawa. Rana ta biyu kuwa mara nauyi ce: kilo 65, ka sauka har ƙasa, ka tsaya a can daƙiƙa 2 ba tare da ka saki jiki ba, sannan ka taso. Sau 4, zagaye 4. Tsayuwar nan a ƙasa ita ce maganin wurin da kake maƙalewa. Kuma ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ka ɗaga. Ƙwaƙwalwar mai ɗaga ƙarfe maƙaryaciya ce, ranar daɗi kaɗai take tunawa.

Barci da abinci ba sai na tsawaita ba. Awa 7 zuwa 9 na barci, furotin kuma kimanin giram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jikinka a rana, wato wajen giram 115 ke nan gare ka. Wanda yake ramewa yana neman ƙarin nauyi a sanda yana ja da jikinsa ne.

Sai abu na biyu, ka jingina wayarka a gefe, daidai tsayin ƙugunka, ka ɗauki kanka kana tsugunno. Gani ya kori ji. Ka duba ko lanƙwasar ƙugu tana sauka ƙasa da saman gwiwa, domin wannan shi ne zurfin da alƙalan gasa ke karɓa. Ka duba ko dunduniya tana ɗagawa, ko gwiwoyi suna faɗowa ciki, ko mazaunai suna riga ƙirji tashi har ka zama kamar mai ruku'u da sanda a baya. Na ƙarshen nan shi ne ya fi yawa a wurin masu tsayawa a irin nauyinka, kuma yawanci abu biyu ke kawo shi: cinyoyin ba su kai ƙarfin baya ba, ko kuma cikin ya saki.

To a nan ne maganar bel ta shigo. Mutane da yawa suna zaton bel yana riƙe ƙashin baya ne kamar yadda ake ɗaure karaya. Ba haka yake aiki ba. Kafin ka sauka, kana jan numfashi mai yawa zuwa ciki, ka riƙe shi, ka tamke tsokar ciki da ta gefe da ta baya kamar wanda ake shirin nausa. Matsin da ya taru a cikin nan shi ne ke tallafar ƙashin baya ya hana gangar jiki lanƙwashewa. Likitoci suna kiran irin wannan riƙe numfashi da sunan Valsalva, wani masanin jikin ɗan Adam na ƙasar Italiya da ya rasu a 1723. Abin da bel ke yi shi ne ya ba cikin bangon da zai tura, sai matsin ya ƙaru. Ka dubi tayar mota: iskar da ke ciki ce ke ɗauke da motar, robar tana tsare iskar ne. In babu iska, komai kaurin robar, a ƙasa za ta kwanta. Wanda bai iya tamke ciki ba, in ya sa bel ado ya yi.

Ka gwada yanzu da kake karantawa. Ka sa babban yatsa a gefen bayanka, sauran yatsun a gefen ciki, tsakanin haƙarƙari da ƙashin ƙugu. Ja numfashi. In kafaɗunka ne suka ɗaga, iskar ta tafi ƙirji, ba ta yi maka amfani ba. Abin da ake so shi ne ka ji yatsun nan ana ture su waje, gaba da gefe da baya. Wannan za ka yi kafin kowane sauka, ka riƙe har ka wuce wurin wahala a tasowa, ka saki a sama, ka sake ja. In ka iya haka da kilo 60 babu bel, ka cancanci sayensa.

Abokinka mai cewa bel yana kashe ciki bai faɗi daidai ba. Gwaje-gwajen da aka yi ana auna aikin tsoka ba su nuna cikin yana barci a ƙarƙashin bel ba, ai tura shi yake yi. Sai dai masu cewa bel yana hana ciwon baya su ma sun wuce gona da iri. Tun 1994 hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta duba irin ɗamarar da ake ba masu ɗaukar kaya a wurin aiki, ta ce babu isasshiyar hujjar da ke nuna tana hana jin rauni. Saboda haka ka ɗauki bel a matsayin abin da zai ƙara maka 'yan kilo da natsuwa a ƙarƙashin sanda. Bai zama lasisin ɗora abin da ya fi ƙarfinka ba.

In za ka saya, ka nemi na fata mai faɗi ɗaya tun daga baya har gaba. Irin mai faɗin baya da siririn gaba ya bar cikin ba shi da abin turawa. Hukumar gasar ɗaga ƙarfe ta IPF, wadda aka kafa a 1972, ba ta yarda faɗin bel ya wuce santimita 10 ba, kaurinsa kuma milimita 13. Kai mai kilo 72, na milimita 10 ya ishe ka, mai 13 zai yi ta cizon haƙarƙarinka ne. Wajen ɗaurewa kada ka matse har numfashi ya gagara, ka bar inda yatsu za su iya shiga, ta yadda sai ka cika ciki ne zai yi tam. Kuma ba tun daga ɗumama jiki ake sa shi ba. Ka bari sai nauyin ya kai kamar kashi 80 cikin 100 na iyakarka, wato 80 zuwa sama a yanzu. Makon farko zai bar maka shaida ja a gefen ƙugu, wannan ba komai ba ne. Amma mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko ƙaba, ya fara ganin likita, domin riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi yana ɗaga jini sosai na ɗan lokaci, bel kuma ƙara shi yake.

Bandejin gwiwa kuwa, bari in ba ka labarin kaina. Shekarun baya na tsaya a 140 kamar yadda ka tsaya a 100. Wani ya ara mini bandejin nan mai tsawon mita 2, ya naɗe mini gwiwoyi tam, har sai da na taka zuwa wurin sandar kamar mai ƙafar katako, yatsun ƙafata sun fara sanyi. Ranar na ɗaga 155. Na koma gida ina jin babu kamata. Na sayi nawa, na yi wata 4 ina naɗawa duk ranar nauyi, har na kai 165. Da bandejin ya saki na bar shi a gida wata rana, na ɗora 145, sai ga ni zaune a ƙasa. Wata 4 na yi ina horar da roba. Bandejin yana miƙewa ne in ka sauka, ya tara ƙarfi kamar danƙo, ya harbo ka daga ƙasa, wato daidai wurin da ya kamata cinyarka ta koyi aiki. Ga shi yana danna ƙoƙon gwiwa ciki. Shi ya sa a IPF rukunin da ba a sa kayan taimako bai yarda da shi ba. Kayan gasa ne na masu wannan fanni, kai babu abin da za ka yi da shi yanzu.

Kada ka haɗa shi da safar gwiwa, wadda ake zurawa kamar safa. Ita roba ce mai laushi, kaurinta a dokar gasa ba ya wuce milimita 7. Tana ɗumama gwiwa, tana sa mutum ya ji ta a haɗe, abin da take ƙarawa na nauyi kuma kaɗan ne. In gwiwarka tana ƙara da safe ko ka ji daɗinta, ka sa. In ciwo ne na gaske, safa ba ta warkar da shi, ɓoye shi take yi. Don ka ga bambancin kayan, Ba'amurken nan Ray Williams ya tsugunna da kilo 490 a 2019 da bel da safar gwiwa kawai, alhali masu sa rigar tsugunno mai ninki-ninki haɗe da bandeji sun haura 550.

Abin da ba ka tambaya ba, kuma da ni ne kai da shi zan fara, shi ne takalmi. In da takalmin gudu kake tsugunno, kana tsaye ne a kan katifa, duk ƙarfin da ka tura ƙasa sai soson ya sha rabonsa. Ka nemi mai tafi mai tauri. In dunduniyarka tana ɗagawa a bidiyon nan, ka gwada sa ƙaramin faifai a ƙarƙashin kowace dunduniya. In ka ga ka sauka sosai ƙirji a miƙe, to takalmin ɗaga ƙarfe mai dunduniyar kusan santimita 2 zai yi maka aiki fiye da bel.

Kuma don Allah, maganar "sai an kama mini" ɗin nan. Ka riƙa tsugunno a cikin kejin ƙarfe, wato ginshiƙan ƙarfen nan da ake rataye sanda a jikinsu a tsaya a tsakaninsu, ka saita sandunan tsaro na gefe kaɗan ƙasa da inda sanda take kaiwa in ka sauka. Ka gwada da sanda mara faifai, mai kilo 20, ka zauna ka ajiye ta a kansu don ka san yadda ake kuɓuta. Ranar da na faɗi da 145 su ne suka karɓe ta, wanda yake tsaye a bayana yana duba wayarsa.

Tambaya: Malam, ni mace ce, sabuwar farawa. Sandar tana ci mini bayan wuya, har wurin ya yi tsami. In sa soson nan da ake naɗa wa sanda?

Amsa: 'Yar'uwa, ba soso kike buƙata ba, sandar ce take zaune a inda bai kamata ba. Ki shafa bayan wuyanki, za ki ji wani ƙashi da ya ɗan fito. Nan kike ɗora ta. Ki kama sandar hannuwa kusa da kafaɗu, ki matse allon kafaɗunki baya kamar za ki riƙe alƙalami a tsakaninsu, sai tsoka ta taso ta yi matashi ƙasa da ƙashin nan. A kanta ake ɗorawa. Soso yana ɗaga sandar sama ya sa ta riƙa mirginawa, in nauyi ya ƙaru kuma sai ya tura ki gaba. In wurin da kike atisaye akwai sandar mata mai kilo 15, ki fara da ita, ta fi siriri a hannu. Tsamin mako 2 na farko yana wucewa, amma in kika ji hannu yana mutuwa ko wani abu kamar lantarki yana sauka zuwa yatsu, ki ajiye sandar ki je a duba wuyan.