Tambaya da Amsa: Tsohuwar Motar Sojan Amurka, Wacce Ta Dace a Saya?

Wasiƙun wannan fitowar sun zo ne daga masu karatunmu mazauna Amurka, kuma duk a kan manyan motocin da rundunar sojan ƙasar ta sallama ake sayar wa fararen hula. Mun zaɓi huɗu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da 'yar gona, ina neman motar kwasar itace da ciyawar dabbobi a hanya mai laka. An nuna mini M35A2 da M35A3. Mai A3 ya ce tasa ta fi sabunta, kuɗinta ma ya fi. Wacce zan ɗauka?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka kalli kuɗi, tambayi kanka wa zai riƙa gyara motar nan. Amsar da ka bayar ita ce za ta raba maka gardama.

Su biyun uwa ɗaya uba ɗaya suke. Asalinsu ƙirar kamfanin REO ce ta wajen 1950, mai aksil uku da duk suke ja. Ana ce mata mai tan biyu da rabi saboda abin da take ɗauka ke nan a daji, a kan kwalta kuwa tana ɗaukar ninkinsa. A3 ba sabuwar mota ba ce fil. Tsofaffin ne kamfanin AM General ya kwance ya sake haɗawa tsakanin 1994 da 1999, ya sa musu sabon inji da giyabos.

A2 tana da injin LDT-465 mai silinda shida, lita 7.8, ƙarfin doki wajen 134, da giyar hannu biyar. Ba kwamfuta, ba wata na'ura mai wuyar sha'ani, kuma kayan gyaranta sun yawaita domin an ƙera ta da yawan gaske. Mai akwatin sifana da haƙuri zai yi mata kusan komai a tsakar gida. Sai dai sitiyarinta ba shi da wani taimako, ƙarfin damtsenka ne kawai, kuma in tana tsaye cik ba ka juya shi sai ka ɗan motsa ta. Ƙararta a cikin gidan direba ta isa ka nemi abin toshe kunne.

A3 kuwa injin Caterpillar 3116 gare ta, doki 170, da giyabos otomatik na Allison mai giya huɗu, sitiyari mai taimakon iska, da tayoyi shida manya lamba 14.5R20 a maimakon goma na 9.00x20. Ta fi daɗin tuƙi nesa ba kusa ba. Amma kada ka ɗauka ta fi gudu: giyar A2 ta biyar tana rage wa inji juyi, har ta kai mil 56 a awa, ita kuwa A3 ba ta da irin wannan giyar, don haka a wajen mil 50 take ƙarewa. Saita injektocin 3116 yana buƙatar kayan aiki na musamman da ba kowane bakanike ke da su ba. Tayar 14.5R20 tana wuyar samu, shi ya sa da yawa ke komawa 395/85R20. Na'urar da ke ƙara wa taya iska ko ta rage daga cikin mota ma takan yi yoyo a robobin cikin wili, ka wayi gari taya biyu a ƙasa. Wasu kawai cire ta suke yi su huta.

Inda A3 ta yi wa yayarta fintinkau shi ne birki, kuma a nan muke so ka tsaya da kyau. Birkin A2 na mai ne da iska ke ƙara wa ƙarfi, amma layi ɗaya tal ke kai mai ga duk ƙafafun shida. Tiyo ɗaya ya fashe, ko silindar ƙafa ɗaya ta saki, feda ta tafi ƙasa, shi ke nan babu birki ko kaɗan. Birkin hannu ɗan ganga ne a bayan akwatin raba ƙarfi, wato mai rarraba ƙarfin inji ga aksil na gaba da na baya, an yi shi don riƙe mota a tsaye, ba zai tsayar da tan shida da ke gudu ba. A3 layi biyu gare ta, in ɗaya ya mutu ɗayan na nan. Wasu A2 da aka yi wa sojan sama a ƙarshen shekarun 1980 ma suna da layi biyu, in ka dace da irinsu ka riƙe da hannu bibbiyu.

In A2 ka saya, kafin ta hau titi ka sauya duk tiyoyin roba na birki, ka cire gangunan shida ka duba silinda da takalman birki, ka gyara ko ka sauya na'urar da ke ƙara ƙarfin da iska. Mastan birki yana ƙarƙashin wani ɗan murfi a daɓen gefen direba, kuma mansa kaɗan yake ci, saboda haka a duba shi kafin kowace fita. Man da sojoji ke zubawa DOT 5 ne na silikon, mai launin shunayya, ba a gauraya shi da DOT 3. Kada ka tashi sai ƙarar gargaɗin iska ta ɗauke, wato ma'aunin iska ya wuce 60, kuma kullum bayan aiki ka buɗe tankunan iska ruwan da ya taru ya fita.

Ra'ayinmu: ga aikin gona, in kai ne bakaniken kanka, A2 mai lafiyayyen birki ta fi maka. In wani za ka riƙa kai wa, ko iyali ma za su tuƙa, ƙarin kuɗin A3 bai ɓaci ba. Kowacce ka zaɓa, tsatsa a daɓen gidan direba, ƙasan ƙofofi da akwatin batir ta fi A2 ko A3 ɗin da ke bayan lambar muhimmanci. Wani abu da ke karya wa sababbin shiga ƙusa: notocin tayoyin gefen hagu a A2 baibai ake kwance su, za ka ga harafin L a kansu.

TAMBAYA: Na ga ana rubuta M35A2C da M36A2, wasu kuma a ce da winci. Mene ne bambancin?

AMSA: C ɗin nan na nufin gefunan bodin suna saukowa, a yi lodi ta gefe. M36 ita ce doguwar, bodinta ya haura ƙafa 17 a maimakon 12, tana da amfani ga katako da bututu amma juya ta sai fili. Winci, wato na'urar ja da igiyar ƙarfe a gaban mota, yana jan nauyin fam 10,000, kusan kilo 4,500, kuma daga giyabos yake samun ƙarfi. Saya da shi ya fi sauƙi a kan haɗa shi daga baya, domin sai an ƙara tsawon shasi ta gaba. Kada a taɓa maye ƙaramar ƙusar farfelarsa da ƙusa mai tauri, an yi ta ne don ta karye kafin wani abu mai tsada ya karye. Ka kuma leƙa ƙarƙashin allon ma'aunai: in akwai ɗan makunnin iska na shigar da aksil ɗin gaba, ita ce ake so. Tsohon tsarin da ke shigar da kansa yakan cije in mota ta gangara baya alhali tana cikin giyar gaba.

TAMBAYA: Wani ya ce in bar ƙaramar in sayi mai tan biyar, M923, tunda kuɗinsu bai yi nisa ba. Gaskiya ne?

AMSA: A wajen saye mai yiwuwa, a wajen riƙo kuwa a'a. Dangin M939, waɗanda aka fara a 1982, sun fi M35 zamani: giyabos otomatik mai giya biyar, sitiyari mai laushi, birkin iska zalla wanda ke kama kansa in iska ta ƙare. M923 ita ce mara winci, M925 mai winci. Kowacce zubi uku gare ta, na farko, A1 da A2: ta farkon da A1 injin Cummins NHC-250 ne da su, lita 14 ba turbo, mai juriya amma mai ƙyuyar tashi da sanyi. Bambancinsu taya ne, ta farko goma na 11.00x20, A1 shida na 14.00R20. A2 ta wannan dangin tana da Cummins mai lita 8.3 da turbo, ya fi sauƙin nauyi da shan mai, kuma irinsa ya cika motocin haya da na gona, don haka samun bakanike ba wuya.

Matsalar ita ce lasin. A dokar tarayya, motar da nauyinta da kaya ya kai fam 26,001, kusan kilo 11,800, ta shiga sahun masu buƙatar lasin tuƙin manyan motoci na CDL. M35 tana tsayawa wajen fam 23,000, ta tsira. M923 ko babu kaya ta kusa tan 10, da kaya ta haura fam 30,000. Jihohi sun bambanta wajen sassauci ga manoma da masu amfanin kansu, saboda haka ka tambayi ofishin rajistar motoci na jiharka da kamfanin inshora tun kafin ka biya. Taya ɗaya ta 14.00R20 da wilinta ta haura kilo 150, ba aikin mutum ɗaya ba ne.

In ka saya, ka kiyaye abu uku. Kada ka yi ribas da ƙaramar giyar daji, akwatin raba ƙarfi yakan tsage. Kashe inji ka bari ya tsaya tukuna kafin ka kashe babban makunnin batir, in ba haka ba wutar da ta yi tsalle za ta ƙona altaneta ko akwatin lantarki. Sannan ka tabbata an sa mata birkin ABS, mai hana tayoyi cijewa in an taka birki, kuma yana aiki, domin kafin a sa shi sojoji sun ƙayyade wa waɗannan motocin mil 40 a awa saboda haɗurran santsi.

TAMBAYA: Da gaske injin M35A2 yana shan kowane irin mai? Kuma wace takarda zan nema?

AMSA: Yana ƙona dizal, kananzir da man jirgin sama. Fetur sai dai a lalura, a zuba masa kwat ɗaya, wato kusan lita ɗaya, na baƙin mai a kowane galan 15, domin fetur ba ya shafe famfon injekta. Masu zuba tsohon baƙin mai ba tare da tacewa sosai ba su ne ke kashe kan famfon da toshe filtocin nan uku. Ka riƙa sansana sandar awon mai: in man inji yana ƙaruwa kuma yana warin dizal, galibi na'urar da ke daidaita yawan mai gwargwadon kaurinsa ce ke yoyo, ko zoben robar kan famfo. A gyara nan take, tun man bai tsinke ya ci metal ba. Dizal mai jan launi na injinan gona kuma haramun ne a kan titi. A3 da masu tan biyar, ka tsaya kan dizal.

Takarda kuwa, in daga gwanjon gwamnati ne, wanda kamfanin GovPlanet ke gudanarwa tun 2014, ka nemi fom SF-97, da shi jiha za ta ba ka takardar mallaka. Wasu motocin sai ka cike takardar bayanin abin da za ka yi da su, ka jira amincewa kafin a sakar maka, kuma fitar da su daga Amurka sai da izini. In daga hannun mutum ne, ka gwada lambar da ke kan takardar mallaka da wadda ke kan farantin allon mota da wadda aka buga a jikin shasi. In ɗaya ta saɓa, bar kuɗinka a aljihu.